Sa Hannun Vendel Hrabak

Shafi na 14

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ga shi nan. Ku karanta a tsanake. Kada wani ya zo yana tambayata abin da na riga na rubuta.

*

Matar da ke ofishin kuɗi na asibitin ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Lambar fayil?"

Renata ta karanto mata. Mahaifiyarta Dolores na zaune a gefe, ta rungume jaka a cinya kamar wani zai fizge. Shekararta sittin da uku a duniya, ba ta taɓa taka ofis don ta yi gardama a kan kuɗi ba. A kwarin nan namu, in takardar neman kuɗi ta zo a cikin ambulan, biya ake yi. Haka iyaye suka yi tun masana'antar ƙarfe na hayaƙi. A kwana da yunwa ya fi a ce wane bai biya ba.

Renata kuwa ba haka take ba. Ta daɗe a Pittsburgh tana gyaran gashi, bakinta ya buɗe.

Ta shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, ta danna kowace da yatsa.

"Wannan ta kamfanin inshora ce. Ta ce bayan tiyatar zuciyar da aka yi wa babana, abin da ya rage a kanmu dala dubu biyu ne da ɗari ɗaya. Wannan kuma taku ce. Dubu goma sha tara. Ni ban yi nisa a lissafi ba, Mis..." ta leƙa sunan da ke maƙale a ƙirjin matar, "Mis Tolliver. Amma na san biyu ba sha tara ba ce."

Mis Tolliver ta taɓa kwamfuta. Daga ganin idonta ka san tun safe take shan irin wannan magana.

"An riga an biya dubu goma sha ɗaya. Saura takwas. Nan da kwana goma, in ba a biya ba, fayil ɗin zai koma hannun masu karɓar bashi."

"Kin san inda dubu goma sha ɗayan nan ta fito?"

"Renata," in ji Dolores a hankali.

"Ƙyale ni, Mama. Gara ta sani. Pirohi, Mis Tolliver. Kin taɓa ci? Ƙullin fulawa, a cusa dankali da cuku, a matse bakin da yatsa. Ɗaya bayan ɗaya. Juma'a shida matan cocinmu suka yi a ɗakin ƙasa suna matsawa, ana sayarwa dozin-dozin. Akwai Agnes Petrisko a cikinsu, shekara tamanin da ɗaya. Sanyin ƙashi ya lanƙwashe mata yatsu. Sai ta tsoma hannu a ruwan ɗumi, ta huta, ta koma matsawa. Kuɗin yatsunta kuka karɓa, kuna cewa saura!"

Dolores ta sunkuyar da kai. Har yau tana jin nauyin ambulan ɗin da Fada ya miƙa mata a gaban jama'a, kowa na tafi, ita kuwa tana so ƙasa ta tsage. Washegari da kanta ta kawo kuɗin nan ofishin nan, ta karɓi rasit, har da godiya.

Takardar inshora kuwa tun watan Afrilu ta iso gida. Dolores ta ga an rubuta a samanta da manyan baƙaƙe cewa ba neman biya ba ce, ta ce to me zan yi da ita, ta jefa a gwangwanin biskit inda take tara maɓallai. Sai ranar Lahadin nan Renata ta ci karo da ita tana neman maɓallin riga.

"Ina tausaya muku," in ji Mis Tolliver.

"Ba tausayi muka zo nema ba. Kuskure kuka yi, ku gyara, ku dawo da kuɗin mutane."

"Ba kuskure ba ne."

"Ban gane ba."

Mis Tolliver ta juyo da allon kwamfutar ya fuskance su.

"Likitan da aka fara ba mahaifinki ya yi tafiya. Wanda ya karɓi aikin ba ya cikin jerin likitocin inshorarku. A irin wannan, ba mu da ikon neman ƙari daga wurin mara lafiya, sai in shi da kansa ya sa hannu ya ce ya sani, ya yarda, zai biya abin da inshora ba ta biya ba. Ga takardar. Kwana uku kafin tiyata. Ga sa hannunsa."

Renata ta matso da fuska.

Dolores ba ta matso ba. Daga inda take zaune ta hango shi. *V. Hrabak.* Baƙaƙe masu zagaye, tsaf-tsaf, ga jelar H ta sauko ta naɗe.

Ta ƙara ƙanƙame jakarta.

"Sa hannun Baba ne," in ji Renata, muryarta ta yi ƙasa. "Na san shi. Shi ne a kan duk sakamakon jarrabawata tun daga aji ɗaya." Ta ɗago. "Amma ba zai yiwu ba. Babana ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Shi ya koya mini. Mutumin da kullum safiya sai ya buɗe jarida? Yaudararsa kuka yi. Mama, kina wurin ai. Me aka gaya masa?"

"Ban... ban tuna ba."

"Yaya za a yi ki kasa tunawa?"

"Na ce ban tuna ba! Mijina na shirin shiga a tsaga masa ƙirji, takarda zan tsaya haddacewa?"

Renata ta yi tsaki, ta saɓa jaka.

"Yana mota. Ya ce shi ba ya son warin ofis. Yau kam sai ya shaƙa. Bari in kawo shi ya gaya miki da bakinsa."

"Renata, kada ki taso shi. Likita ya ce..."

Ƙofa ta riga ta rufe.

Dolores ta tuna. Babu abin da ta manta.

Wata nas ce ta kawo tarin takardu, an liƙa ƴar alama ruwan ɗorawa a duk inda za a sa hannu. Waya ta yi ƙara, nas ta ce ina zuwa. Vendel ya shafa aljihun gaba, ya ce, "Dolly, na bar tabarau a mota." Ita kuma ta karɓi biro, kamar yadda ta saba karɓa shekara arba'in da ɗaya. Wuri bakwai ta sa. Kafin nas ta dawo, biro na hannun Vendel.

Don Vendel Hrabak bai iya karatu ba.

Mutumin da zai kwance injin babbar mota ya mayar ba tare da ya bar ƙusa ɗaya a ƙasa ba. Mutumin da ya yi shekara talatin yana walda, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Yana yaro malamai suka ce daƙiƙi ne, suka ajiye shi a kujerar baya har ya gaji ya bi ubansa masana'anta. Ya ce baƙaƙen ba sa tsayawa wuri ɗaya a idonsa. Sunansa kaɗai yake iya zanawa, shi ma a karkace, sai ya yi gumi.

Saura mako guda aurensu ya gaya mata, a gindin gadar ƙarfe, bai iya kallon idonta ba. Ya ce in ta fasa ba zai ga laifinta ba. Ta ce ba ta fasa ba. Ya ce to ta rantse ba wanda zai ji, ko Fada, ko ƴaƴan da za su haifa. Ta rantse.

Tun daga ranar ta zama idonsa. Ya buɗe jarida a tebur, ya ce, "Dolly, karanto mini wannan da ƙarfi, muryarki ta fi ta mutumin rediyo." Yara su yi dariya. A gidan abinci ya ture takardar jerin abinci, ya ce, "Abin da matata ta zaɓa." Mutane su ce kai, wannan soyayya! Tabarau kuwa na kantin magani ne, na dala uku. Ba don gani ya saye su ba, don mantawa da su ya saya.

Takardar banki, takardar haraji, takardar gida, duk sai ta bi layi-layi da yatsa kafin ta sa masa suna. Sau ɗaya tak ba ta karanta ba. Sau ɗaya. Ranar hankalinta na kan numfashinsa.

Ku da kuke zana suna duk inda aka nuna muku, ku ji da kyau. Wadda ta fi ku kula ma ga inda ta tsinci kanta.

"Misis Hrabak."

Dolores ta zabura. Mis Tolliver ta rage murya, ta jawo wata takarda daga fayil ta ajiye kusa da allon.

"Wannan rasit ɗin da kika sa wa hannu ne ranar da kika kawo kuɗi. *D. Hrabak.* Dubi jelar H ɗinki. Dubi tasa."

Dolores ta ƙi kallon takardar.

"Shekara goma sha tara ina kallon sa hannun mutane. Ba a biya na don in lura ba, amma idona bai san haka ba."

"Miji da mata in sun daɗe tare, komai nasu kan yi kama."

"Har jelar H?"

"Me kike so da ni?"

"Ni? Ba abin da nake so. Ƙarfe biyar in tashi in tafi gida. Amma ki ji. Takardar nan ba ta aiki sai in mara lafiya ne ya sa hannu da kansa, ko wanda ya ba wakilci a rubuce. Akwai takardar wakilci?"

"Babu."

"To in ba shi ya sa ba, ba kuma shi ya karanta ba, kuna da magana. Ban yi miki alkawari ba, na sama da ni ne ke yanke hukunci. Amma na ga an soke irinta. In an soke, dubu takwas ɗin nan ta tashi daga kanku, kuma abin da kuka biya fiye da ƙa'ida ya dawo. Kusan dubu tara. Ki kai wa tsohuwar nan mai yatsu."

Dolores ta matso da kujera.

"Me zan yi?"

"Ki rubuta cewa ke kika sa. Ki faɗi dalili. Shi kuma ya tabbatar a gaban shaida."

"Dalili."

"Dole. Za su tambaya. Mutum da hankalinsa, da hannunsa biyu, a zaune, me ya hana shi sa wa kansa hannu?"

"In ce ya manta tabarau."

"Sai su ce me ya hana a ɗauko. Sai su jawo sauran takardunsa na shekara da shekaru, su ga duk hannu ɗaya ne. In kika fara da rabin gaskiya, Misis Hrabak, lauyoyinmu za su cinye ki ɗanya. Ko ki faɗa duka, ko ki biya."

"Ke ba ki san abin da kike nema ba."

"Wataƙila na sani. Kakana ma da dangwale ya yi rayuwarsa."

Dolores ta ɗago a fusace.

"Mijina ba ya dangwale!"

"Ban ce yana yi ba."

Suka kalli juna. A waje aka ji muryar Renata, da takun sanda a kan daɓe.

Vendel ya shigo yana haki kaɗan. Tun bayan tiyata rigarsa ta yi masa yawa, wuyan na lilo. Amma ya taje gashi, ya goge takalmi, kamar mai zuwa coci. Ya cire hula ya yi wa Mis Tolliver murmushi.

"Ke ce mai tsare da kuɗin? Ranki ya daɗe, da na san zuciyar nan za ta yi tsada haka, da na ce a nemo mini ta gwanjo."

Mis Tolliver ta ɗan murmusa. "Sannu, Mista Hrabak. Zauna."

"Dolly, me ya sami fuskarki? Kamar kin ƙona albasa a gaban Agnes."

"Zauna dai, tsoho."

Renata ta sa aka buga takardar, ta ajiye a gabansa.

"Baba, sun ce wai ka sa hannu ka yarda da likitan da inshora ba ta biya. Wai ka karanta, ka ce za ka biya sauran. Na ce ƙarya ne. Duba nan. Karanta sakin layin nan, ka gaya mata ko ka taɓa ganinsa."

Vendel ya kalli takardar. Ya kalli matarsa. Hannunsa ya tafi aljihun gaba, ya shafa.

"Kash. Reni, na bar tabarau a..."

"Ga su."

Renata ta zaro su daga jaka.

"Na gan su a kan kujera, na ce yau kam ba za ka manta ba. Kullum kai ke nan."

Ta buɗe su, ta hura musu iska, ta goge da gefen riga, ta maƙala masa a fuska da hannunta. Har da gyara masa a bayan kunne.

 

Vendel ya jawo takardar. Ya sa yatsa a kai, yana binta a hankali, yana gyaɗa kai kamar yadda yake yi wa jarida. Dolores ta ga inda yatsan yake. A kan adireshin asibiti yake, can sama. Mis Tolliver ma ta gani, ta kawar da kai.

Gumi ya tsattsafo masa a goshi.

"To?" in ji Renata.

Ya ajiye takardar. Ya gyara murya.

"Ni na sa."

"Baba!"

"Na karanta, na yarda, na sa hannu. Likitan ya yi aikinsa, ga ni ina numfashi. Za mu biya."

"Da me? Da me za ku biya dubu takwas a kwana goma?"

"Akwai mota. Akwai kayan waldata a gareji."

"Motar da ko dubu biyu ba za ta yi ba?"

"To akwai gida. Banki zai ba da rance a kansa."

"Gidan da kuka yi shekara talatin kuna biya? Baba, kana jin kanka kuwa? Kuma kuɗin matan coci fa? Dubu tara na mutane sun tafi a banza, ka ce shi ke nan?"

"Na ce ni na sa! Ba a taɓa kai sunan Hrabak wurin masu karɓar bashi ba, ba kuma za a fara a kaina ba. Ki daina ɗaga mini murya a gaban baƙuwa."

Renata ta koma da baya ta jingina da bango, idonta ya kawo ruwa.

"Kai ka ce mini kada in taɓa sa hannu a abin da ban karanta ba. Ranar da zan kama hayar shago, sau uku ka sa na karanta maka takardar."



Mis Tolliver ta ja numfashi. Ta zaro wata takarda mai layi uku, ta ɗora biro a kai, ta tura gabansa. Ba Vendel take kallo ba. Dolores take kallo.

"Tunda ka tabbatar, Mista Hrabak, ƙorafin ya mutu. Sai ka sa hannu a nan, a gabana, in rufe fayil."

A gabana.

Vendel ya kalli biron kamar maciji aka ajiye masa. Ya ɗauka.  Ya kafa bakin biron a kan layi. Ya ja sanda ɗaya ta V, ta fita a karkace, ta tsallake layin.

Dolores na kallo. Ta ga gindin gadar ƙarfe, da saurayin da ya kasa ɗago kai. Ta ga kwanon ruwan ɗumi, da yatsun Agnes a ciki. Ranar Lahadi za ta zauna a bayan matar nan a coci. Za ta miƙa mata hannu a yi gaisuwar salama. Wane hannun za ta miƙa?

Ta ɗora tafinta a kan takardar.

"Ƙarya yake yi."

"Dolly."

"Bai sa ba. Bai karanta ba."

"Dolly, kin rantse."

"Na rantse, na kuma riƙe shekara arba'in da ɗaya. Da kuɗinmu ne kaɗai, wallahi da na bar ka ka sayar da gidan mu koma haya, ban ce uffan ba. Amma ba namu ba ne, Vendel. Ba namu ba ne!" Ta juya ga Mis Tolliver. "Ba ni takardar. Ni na sa hannun. Wannan da duk sauran."

Vendel ya saki biron. Ya gangara ya faɗi ƙasa, ba wanda ya sunkuya.

Renata ta taso daga jikin bango a hankali.

"Duk sauran? Wane sauran? Mama, me zai sa ki sa wa Baba hannu?"



Ta kalli V ɗin da ta karkace a kan takarda. Ta kalli mai kyan da ke kan allo. Ta kalli tabarau ɗin da ita da kanta ta maƙala masa.

Ta durƙusa a gaban kujerarsa, ta ɗauki takardar, ta riƙe masa daidai ido. 

"Baba," ta ce. "Layin farko kawai. Karanta mini."